Laraba da dare: duhu da gashin biri

Fina-finan ban tsoro biyu na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu na kalla yau a jere: Cat People na kamfanin RKO, 1942, da The Ape Man na Monogram, 1943. Dukkansu na ƙaramin jari ne, amma tazarar da ke tsakaninsu ba kaɗan ba ce.

RKO ya gindaya wa furodusa Val Lewton sharuɗɗa: kada fim ya ci fiye da dala 150,000, kada ya haura minti 75, suna kuma kamfani ne zai raɗa. Ga gwamnatin Amurka a 1942 ta ƙayyade sabbin kayan gina dandali kan dala 5,000 a kowane fim, don katako da ƙarfe sun tafi yaƙi. Ko matakalar benen da ke Cat People ragowar wani fim ɗin Orson Welles ce.

Sai Lewton da mutanensa suka maida duhu jari. Mai ɗaukar hoto Nicholas Musuraca kan haska fitila mai ƙarfi daga gefe, ya rage wadda ke cike inuwa, bango ya nutse cikin baƙi, ba mai gane tsohon dandali ne. A wani fage na fim ɗin a wurin ninƙaya, haske na dukan ruwa yana rawa a jikin bango, gurnani na amsa-kuwwa, mace ɗaya na ihu a tsakiya. Damisar da ake tsoro a labarin ma ba a gan ta sosai ba. Haka a titi: takun takalmi a baya, takun ya ɗauke, shiru, kwatsam bas ta ja birki da huci. Ba ko kiɗa. Tsakiyar fim ɗin dai surutu ya ɗan yi yawa.

Monogram kuwa sauri ne ya kashe su. Cikin 'yan kwanaki ake gama ɗauka, sauya fitilu kuma lokaci yake ci, don haka a haske ɗakin fes gaba ɗaya, a kafe kyamara, a wuce. A irin wannan hasken ne jarumin The Ape Man, Bela Lugosi, ke yawo a duƙe, gashi manne a fuska, kusa da wani ƙato cikin rigar goggon biri. Komai a fili, tsoro ya koma dariya. Muryarsa da idonsa kaɗai ke riƙe da fim ɗin.

Kamfanin Universal ma ba su tsira ba: The Mummy's Tomb na 1942 ya cika farkonsa da tsofaffin hotunan fim ɗin da ya gabace shi, a matsayin tuna baya, don dai mintoci su cika.