Godiya ga duk wanda ya tsaya mana har ƙanena ya dawo gida

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, ƙanena da abokan sana'arsa uku sun iso gida daren Talata, bayan kwana 47 a hannun sojojin wata ƙasa maƙwabciyarmu. Inna ta ce kada in kwana ban isar da godiyarta ba.

Ga waɗanda ba su ji farkon zancen ba, daga Doron Baga suka fita ɗaga gura, wato tarkon kifi, suka yi nisa, jirgin sintiri ya tare su. Wanda ya san tafkin Chadi ya san ba a ganin iyaka a cikinsa, ruwa ne da ciyawa da tsibirai, ƙasa huɗu ke raba shi. Darak ma, da muka tashi muna jin masuntanmu na kiranta gida, sai da kotun duniya ta yanke hukunci a 2002 aka miƙa wa Kamaru ita a ƙarshen 2003. To ina masunci zai ga layin da alƙalai suka sha wuya kafin su ja?

Godiyata ta farko ga baiwar Allah mai sayar da abinci a bakin barikin da aka tsare su. Ba ta san mu ba, ba mu san ta ba. Ƙanena ya rubuta lambata a bayan kwalin sigari, ita kuma ta kira ni da kuɗinta a kwana na 9, ta ce "ɗan'uwanka yana raye". Kafin wannan kiran har an fara zuwa mana jaje mai kama da ta'aziyya. Mu da ba mu manta da Afrilun 2020 ba, lokacin da aka tarar da gawar mutum 44 cikin 58 da aka kamo daga yankin tafkin a ɗakin tsaro a Njamena, kun san irin barcin da muke yi.

Ina gode wa dattawan masunta da suka rattaba hannu cewa sun san yaran tun suna tallar banda. Ina gode wa 'yan'uwana na kasuwar kifi a Maiduguri da suka yi karo-karo har sau biyu, alhali kasuwar ma ba ta ci. Malam liman da bai fasa ambatonsu a alƙunutu ba, Allah Ya saka.

Sai wata lauya da ba ta karɓi ko sisi ba. Ita ta fahimtar da ni cewa ba alfarma muke roƙo ba. Sashe na 14 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban aikin gwamnati, kuma yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta ba wanda aka tsare a wata ƙasa damar a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, su kuma su je su gan shi. Da wannan na koma ofishin da na yi sawu shida ana ce mini oga ya yi tafiya, inda wani ya taɓa tambayata, "Me ma ya kai su can?" Ba zan faɗi sunan wurin ba. A cikinsa dai aka samu wani ƙaramin ma'aikaci da ya ɗauki takardarmu da hannunsa ya hau da ita sama. Daga ranar da ofishin ya aika wasiƙa kan maganarsu zuwa ranar da aka sako su, kwana 5 ne kacal. Ina gode masa har zuciya, amma duk lokacin da na tuna sauran kwana 42 ɗin, sai maƙogwarona ya ɗaci.

Ƙanena na samun sauƙi. Ƙafafunsa sun kumbura, kuma har yanzu ba ya yarda a rufe masa ƙofa idan zai kwanta. Kwalekwale da inji ba su dawo ba.

Ya baro mutum biyu a ɗakin, masunta ne daga wajen Diffa, ya haddace sunayen ƙauyukansu. Wanda ke da hanyar kai saƙo can, ya yi mini magana ta akwatin sirri. Masu son zuwa barka kuma, don Allah a bari sai bayan la'asar, da safe yana asibiti.