Tarihin Rayuwata, Kashi Na 9: Robar Da Inna Ta Tsinta A Ƙarƙashin Katifa

Makon jiya mun tsaya ne a inda Sista ta soki yatsana, ta ɗiga jinin a kan ɗan tsinken gwaji, muka zauna jiran sakamako. Layi ɗaya ya fito. Ba ni da cutar ƙanjamau. Shekara huɗu ina ɗirka wa kaina allurar fenta, maganin kashe zafin nan da ake maye da shi, sirinji ɗaya ya zaga mutum uku ko huɗu a kangon nan na bayan tasha, amma Allah Ya tsare. Ban yi irin murnar da kuke zato ba. Jikina ne kawai ya mutu, na ji kamar in miƙe a kan bencin in yi barci.

Sista ba ta bari na tashi ba. Ta jawo durowa ta ɗauko wata farar roba ta ajiye a gabana.

"Ƙanena, yau ka tsira. Yanzu in ka fita daga nan ina za ka?"

Na yi shiru, don mu biyun duk mun san inda za ni.

Ta ce sunan maganin PrEP, ƙwaya ɗaya kullum, kuma wanda ba shi da cutar ake ba wa. Idan maganin ya zauna a jini, ko ƙwayar cutar ta shiga ta allura ko ta saduwa, da wuya ta samu wurin zama. Na yi dariya na ce, "Sista, ni da shaye-shaye ya kawo ni nan, kuma ƙwaya za ki ƙara min?" Ko murmushi ba ta yi ba. Ta ba ni labarin wani gwaji da aka yi a birnin Bankok na ƙasar Tailan a kan masu allura irinmu su sama da 2,400, aka fitar da sakamakonsa a 2013. A dunƙule maganin ya rage kamuwa da kusan rabi, amma a cikin waɗanda aka ga alamar maganin a jininsu, wato masu sha da gaske, kariyar ta haura kashi 70 cikin 100. Ta ƙara da cewa da yawansu kullum suke zuwa asibiti su haɗiye a gaban ma'aikaci. Wannan na ƙarshen ban ba shi muhimmanci ba a ranar.

Ta gargaɗe ni abu biyu. Ba ranar da ka fara sha yake fara tsare ka ba, sai ka jera kwanaki. Sannan ba ruwansa da ciwon hanta samfurin C, wanda shi ma a bakin allura yake yawo, don haka maganar sabon sirinji tana nan daram. Lokacin ba a daɗe da fara raba mana sirinjin ba, domin a 2020 aka fara gwada shirin a jihohi uku, Gombe da Oyo da Abiya. Mu dai abin da muka sani shi ne wasu samari na zuwa da jaka su karɓi tsoho su ba da sabo, kuma mun fi wata biyu muna zaton 'yan leƙen asiri ne.

Na kai robar gida na tura ta ƙarƙashin katifa. Satin farko ta sa ni tashin zuciya da ɗan jiri, daga baya abin ya lafa.

Sai na fara ganin sauyi a wajen Inna. Matar da ta yi shekara ba ta min magana sai da tsawa, sai ga shi da safe ta aiko min da kunun gyada har da madara. Da rana na buɗe kwano na ga hanta. Hanta fa, a gidan da miyar kuka ke kwana uku ana ɗumamawa. Da asuba ina jin ta a kan sallaya tana kuka ƙasa-ƙasa. Ba ta ware min kofi ba, ba ta hana jikokinta shiga ɗakina ba, sai dai duk sanda na gifta ta bi ni da kallo irin wanda ake wa matafiyi. Kwana huɗu a haka. A na biyar Yaya ta zo daga gidanta a Bolari, ta ja ni zaure ta rufe ƙofa.

Ashe Inna ta shiga shanya katifa ta ga robar. Ba ta iya karatun boko ba, sai ta ƙulle ta a bakin zane ta kai wa mai kemis ɗin layinmu. Ya karanta ya ga tenofovir da lamivudine, ya ce mata, "Hajiya, wannan ai maganin masu ƙanjamau ne." A gaskiya bai yi ƙarya ba, don su biyun suna cikin haɗin da ake ba masu ɗauke da cutar. Abin da har yau ban yafe masa ba shi ne a gaban masu sayen magani ya faɗa.

Nan na shiga tsaka mai wuya. Inna ta san ina shaye-shaye, amma a tunaninta maganin tari ne da wiwi irin na sauran yara. Ba ta san da allura ba, shekara huɗu ina sa riga mai dogon hannu ko a tsakiyar bazara. Idan na ce ba ni da cutar, dole in faɗi abin da ya haɗa ni da maganin. Na kwana ina juya abin, har na raya a raina gara in bar ta a kan abin da ta yarda da shi, tunda ga hanta ga kunu.

Washegari dai na tari Keke Napep na kai ta wajen Sista. Aka sake gwajin a gabanta, layi ɗaya. Inna ta dubi tsinken ta dube ni.

"Auta, to in ba ka da ciwon, me ya kai ka shan maganinsa?"

Na naɗe hannun riga har kafaɗa. Ta ga tabbai, ta ga inda naman ya taurare kamar itace, ta ga gyambon da ya ƙi warkewa. Ba ta ce uffan ba.

Sista ce ta cece ni. Ta ce, "Mama, maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara da damina, sai yaro ya kwanta ake ba shi?" Inna ta ce a'a, da lafiyarsu ake ba su. Ta ce to shi ke nan, wannan ma haka yake. Bayanin da na kwana ina shiryawa, ta gama shi a numfashi ɗaya.

Hanta ta ɗauke daga ranar, tsawa ta dawo. Amma Inna ta karɓe robar ta sa a cikin kwallarta, kullum da safe sai in ga ƙwaya ɗaya a kan murfin kofin koko, kuma ba ta matsawa sai ta ga maƙogwarona ya motsa. Sai a lokacin na tuna da mutanen Bankok.

Mu bakwai ne daga kangon muka karɓi robar a wata ɗaya. Da aka koma gwajin wata uku, mu biyu muka rage. Mutane na cewa ba ma son kanmu ne, kuma ina jin haushin maganar. Wanda ya farka jikinsa na karkarwa, hanci na zuba, ba abin da ke kansa sai inda zai samo kuɗin allurar safe. Ɗaya a rumfar kasuwa yake kwana, ruwan sama ya jiƙa nasa. Ɗaya aka yi kame ya yi kwana tara a tsare, da ya fito ya ce tunda an riga an yanke ai ba amfani, alhali komawa kawai zai yi a gwada shi ya ci gaba. Wani kuma ƙarar robar ce ta dame shi, yana tafiya tana kacau-kacau a aljihu, abokai na tambaya, sai ya wurga ta a kwata. Ga kuɗin mota zuwa wajen Sista, wanda daidai yake da kuɗin kwalba guda. Yanzu da nake jin an samu allurar rigakafin ƙanjamau mai suna lenacapavir da ake yi sau biyu kacal a shekara, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2025, su nake tunawa. Mu da ba abin da muka iya kamar miƙa hannu a yi mana allura.

Akwai wanda ko gwajin ya ƙi yi, mai facin taya na bakin tasha. Shi ya fara nuna min yadda ake neman jijiya, kuma ba na jin akwai wanda muka yi musayar sirinji da shi kamarsa. Duk sanda na yi masa maganar sai ya ce, "Abin da ban sani ba ba zai hana ni barci ba."

Wata Laraba da sanyin safiya ina tsugune a tsakar gida da kofin koko, aka yi sallama. Na leƙa na gan shi a zaure, ya rame, ya ɗaure wuya da tsumma. Ya ce, "Matar nan taku, yau tana nan?"

Inna na tsaye a bayana da ƙwayar a tafin hannunta. Ta ce in haɗiye tukuna, sannan ta kunce bakin zane ta ƙirgo mana kuɗin Keke na mutum biyu.

Za mu ci gaba mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.