Daren Juma'a a Gareji

Tun da na koma Texas da zama, a gareji nake raba daren Juma'a. Maƙwabcina, wani dattijo tsohon soja, shi ya koya mini haɗa harsashi da hannu don harbin saiti, abin da doka ta amince da shi a nan.

Bindigata tana cin harsashin 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fito da shi a 2007. Nakan wanke kwanson harsasan, in auna tsawon kowanne, sannan in zo kan albarushi. Nan nake daɗewa. Ƙwaya-ƙwaya nake ƙarawa har sikeli ya tsaya cak, ina riƙe numfashi kamar mai zare ƙaya. Ko da wasa ba na ƙetare adadin da littafin kamfani ya gindaya, domin idan matsi ya yi yawa, fuskarka ce a jikin ƙarfen.

Makon jiya harsashi biyar suka taru a wurin da bai kai inci ɗaya ba, daga nisan yadi 100. Raina ya yi fari ƙal. Na manna takardar saitin da na harba a bango, na rubuta zafin ranar a gefenta, saboda albarushi yakan sauya hali idan rana ta ƙwalle.