Abin da Teburin Aro Ya Koya Mini

Ranar da na kama aiki a wani reshe na hukumar laburare ta jiharmu, na iso da sabuwar shadda a jikina da takardar difloma a jaka, ina zaton za a zaunar da ni a ofis in riƙa yi wa sababbin littattafai lamba. Shugaban reshen, wani dattijo da ya kusa ritaya, ya karɓi takardar ya ajiye ko buɗewa bai yi ba, sannan ya miƙo mini tsumma ya nuna mini kantocin da ke ƙuryar zaure. Lokacin hunturu ne, ƙura ta kwanta a kan littattafan har mutum yana iya rubuta sunansa da yatsa. Ya ce in goge, kuma duk littafin da na ɗaga in duba lambar da ke gadon bayansa, in tabbatar ta dace da ta maƙwabcinsa na hagu da na dama. Mako uku na yi a kan wannan aiki ina ƙunƙuni a zuci, sai a mako na uku na tsinci wani littafin koyon ungozoma a tsakiyar littattafan tarihi, wanda tun shekaru biyu da suka wuce aka rubuta a rajista cewa ya ɓace, ɗalibai kuwa suna ta zuwa nemansa ana ba su haƙuri. A ranar na gane dalilin da ya sa tsofaffin ma'aikata suke cewa littafin da aka soka inda ba wurinsa ba, da shi da wanda aka sace duk ɗaya ne. Wannan aiki, da muke kira bin kanta, har yau da shi nake buɗe kowace safiya kafin a buɗe wa jama'a ƙofa.

Tsarin da muke jera littattafai da shi na wani Ba'amurke ne mai suna Melvil Dewey, wanda ya fitar da shi a 1876, ya kasa ilmi gida goma daga 000 zuwa 900. Tsari ne mai kyau, amma wanda ya yi shi mutanen ƙasarsa ya duba. Kiristanci ya samu fili tun daga 220 har 280, Musulunci kuwa gaba ɗayansa an cusa shi a lamba ɗaya, wato 297, don haka a wurinmu tafsiri da hadisi da fiƙihu da tarihin Annabi duk suna cunkushe a ƙananan lambobin da ake ƙarawa bayan ɗigo a gaban 297, lambobin suna tsawo har su zagaye gadon bayan littafin. Harshen Hausa yana can 493.72, adabinsa kuma 893.72, kusan ƙarshen zaure, bayan mai nema ya wuce adabin Ingila da na Faransa da na Jamus. Babu wanda ya taɓa shigo mana da sanin wannan. Na sha ganin mutum ya zagaya sau biyu ya fita, yana tsammanin ba mu ajiye komai da harshensa ba. Daga baya na roƙi shugaba ya bari mu kwaso littattafan Hausa mu jera su a kantar da ke daf da ƙofa, muka rubuta sanarwa da boko da ajami muka manna. Bai so ba da farko, domin a ganinsa mun karya ƙa'ida, kuma an yi doguwar muhawara a kan ko ya dace mu saka littattafan soyayya irin na kasuwar Kano a ciki. Ni ina cikin waɗanda suka ce a saka, bayan an karanta an zaɓa, domin na lura yarinyar da ta zo aron labarin soyayya yau, ita ce za ka gani bayan wata biyu tana tambayar littafin nazarin halittu.

Yinin laburare yana da nasa tsari wanda ba a rubuta a ko'ina ba. Da sassafe 'yan fansho ne suke fara shigowa saboda jarida, kowa da kujerarsa da ya saba, kuma idan baƙo ya zauna a kai ba za su yi magana ba, sai dai su tsaya kusa suna gyaran murya. Da hantsi masu neman aiki suke zuwa duba tallan guraben aiki, bayan azahar kuma 'yan makaranta. Idan jarrabawar JAMB ko WAEC ko NECO ta gabato, kujera takan yi wuya, har mu shimfiɗa tabarmi a baranda. A watannin zafi, idan aka ɗauke wuta fanka ta tsaya, kuma ba man janareto, rabin zauren gyangyaɗi yake yi, mu ma da ke bakin tebur ba mu tsira ba. Da azumi wurin yakan yi tsit da rana, littattafan 297 ne kawai suke ta fita. Tsakaninmu ma'aikata kuwa, yawancin ƙananan rigingimu a kan rabon aikin Asabar ne da wanda zai tsaya gadin tebur idan sauran sun tafi masallaci, kuma na ga abokan aikinmu Kiristoci sun sha ɗauke mana wannan nauyi ranar Juma'a ba tare da an roƙe su ba.

Babban abin da na koya, wanda ya ɗauke ni shekaru kafin in iya, shi ne cewa tambayar da mutum ya fara yi a bakin tebur ba kasafai take zama ainihin abin da ya kawo shi ba. A makaranta mun haddace ƙa'idoji biyar da masanin laburare ɗan Indiya, Ranganathan, ya shimfiɗa a 1931, ɗaya daga ciki tana cewa kada a ɓata wa mai karatu lokaci, ni kuma na ɗauka ma'anarta ita ce ka yi sauri ka nuna kanta ka sallami mutum. Wata rana wata mata ta shigo da goyo, ta tsaya nesa da tebur ta ce, “Malam, don Allah kuna da littafin lafiya?” Na nuna mata 610 na ci gaba da rubutuna. Bayan kusan rabin sa'a na ɗaga kai na gan ta tsaye a gaban kantar, ba ta taɓa ko ɗaya ba, littattafan duk manya ne kuma da Turanci. Na je na ce, “Hajiya, lafiyar wa ake nema, ta babba ko ta yaro?” Ta yi shiru, sannan ta ce ta yaro. Na ce zazzaɓi ne ko wani abu da aka faɗa a asibiti? Sai ta kwance bakin zaninta ta ciro takardar gwaji da ta naɗe har ta yi laushi, an rubuta SS a kai. An gaya mata ɗanta yana da sikila, dangin mijinta kuma sun ce daga wurinta ciwon ya fito, shi ne take son ta gani da idonta ko haka ne. Na samo wani ƙaramin littafi mai zane, muka zauna a teburin da ke gefe inda ba mai jin mu, na karanta ina fassara mata cewa yaro ba ya samun SS sai ya gada daga uwa da uba duka biyu, kuma idan iyaye biyu AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Na gaya mata ni ba likita ba ne, batun magani ta koma asibiti. Ta roƙi a yi mata hoton shafin da zanen yake, ta naɗe shi tare da takardar gwajin. Tun daga ranar ban ƙara nuna wa mutum kanta da yatsa daga inda nake zaune ba, sai in tashi mu tafi tare, domin a kan hanyar nan ta taku goma mutane suke faɗin abin da kunya ta hana su faɗa a gaban layi.

Dattawa kuma nasu salon daban ne, domin ba da lambar shekara suke riƙe lokaci ba. Wani tsoho ya zo neman jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, yana son fitowar da aka ba da labarin naɗin mahaifinsa dagaci, saboda wata taƙaddama da ta taso a gidansu. Na ce, “Baba, wace shekara ce?” Ya ce shi dai ya san shekarar da motoci suka koma bin hannun dama ce, kafin a daina kashe fam da sule. Wannan ya isa, domin a 1972 aka koma hannun dama, naira kuma ta shigo a 1973. Muka sauko da ɗaurin jaridun shekarar daga sito, gara ta cinye gefensa na ƙasa, muka yi kwana biyu muna buɗawa a hankali saboda takardar ta bushe tana karyewa. Labarin layi kaɗan ne a shafin ciki, kuma garar ta tsaya saura ɗan yatsa ta kai gare shi. Bayan wannan na yi wa kaina ɗan jadawali na irin waɗannan alamomi na lokaci na manna a cikin durowa, kuma na fara matsa wa ofis a kan maganin gara da ɗaga jaridu daga ƙasa kafin damina, ko da yake sau da yawa da kuɗin aljihunmu muke sayen maganin.

Akwai kuskuren da na yi wanda har yanzu idan na tuna nakan ji nauyinsa. A lokacin, ƙa'idar samun katin aro ita ce mutum ya kawo hoto biyu da sa hannun babban ma'aikacin gwamnati ko shugaban makaranta wanda zai tsaya masa. Wani yaro mai koyon aiki a gareji ya shigo da yamma, rigarsa da hannuwansa duk baƙin mai, ya tafi kai tsaye 629 ya ɗauko littafin wayarin mota, alamar ya taɓa zuwa ya san wurin. Daga inda nake na ɗaga murya na ce, “Kai yaro, ajiye littafin nan ka je ka wanke hannu!” Zauren ya juyo yana kallonsa, wasu 'yan mata suka yi dariya. Ya ajiye, ya zo bakin tebur a hankali ya ce, “Yallaɓai, dama so nake in ara.” Na karanto masa ƙa'ida. Ya ce shi bai san kowa a gwamnati ba sai ogansa na gareji. Na ce oga ba ya cikin tsari. Ya ce to, ya fita, ban ƙara ganinsa ba. Ban karya doka ko ɗaya ba a ranar, kuma abin da ya fi damuna ke nan, domin dokar an yi ta ne yadda duk wanda yake da hanyar sayen littafi shi ne zai samu kati, wanda ba shi da ita kuma a kore shi. Na kai maganar taron ma'aikata, aka ja ta wata da watanni, a ƙarshe aka yarda mai unguwa ko limami ko mai gidan sana'a ya iya tsaya wa mutum. Masu tsoron za a kwashe littattafai ba su ga haka ba, kuma a iya abin da na gani a rajistata, waɗanda suka fi riƙe littafi ba su dawo da shi ba manyan ma'aikata ne da muke jin nauyin tambaya.

Haka batun tara. Mun daɗe muna cin tarar wanda ya makara, sai na lura idan kuɗin ya taru mutum ba ya dawowa sam, mu yi asarar littafin da mai karatun gaba ɗaya. Da muka sanar cewa an yafe na wata guda, wani ya aiko ƙaninsa da buhun shinkafa cike da littattafanmu. Yagar shafi da reza ma, wadda ɗalibai suke yi idan jarrabawa ta matso, ba faɗa ne ya rage ta ba, zuwan mai injin hoton takarda bakin ƙofa ne.

Yanzu mutane sukan tambaye ni ko har yanzu ana zuwa laburare, tunda kowa da waya a hannu. Ana zuwa, sai dai abin da ake nema ya canza. Wani wurin shiru yake so saboda gidansu mutum goma ne a ɗaki biyu, wani cajin waya, wata kuma nan ne kaɗai wurin da mahaifinta ya yarda ta je bayan makaranta da islamiyya. Da yawa suna zuwa ne a taya su cike fom a intanet, kuma a nan dole ma'aikaci ya yi hattara, domin mutum zai miƙo maka lambar sirrinsa da zuciya ɗaya, kai kuma aikinka ne ka mayar masa ka nuna masa yadda zai shigar da kansa. Haka abin da mutum ya ara amana ne. Miji ya taɓa zuwa yana son in duba masa rajista ya ga irin littattafan da matarsa take ɗauka, na ba shi haƙuri na ce ya tambaye ta, ya fita yana faɗa.

Littafin wayarin motar nan yana nan a 629, mun sake masa bango sau biyu da kwali da gam. Yaran gareji uku ne suke karɓa-karɓa da shi yanzu, dukansu da sa hannun oganninsu, kuma shafin da ke nuna zanen batir da sitata ya yi baƙi da tambarin yatsu. Kusa da famfon da ke bakin ƙofa na ajiye sabulu, wanda ya ga dama ya wanke, wanda bai wanke ba ban ce masa komai.