Ƙanƙara ta cuci baƙar giyar da ta fi kowacce a teburinmu

Har yanzu abin yana ci mini rai. Baƙar giyar da ta fi kowacce kyau a teburinmu ko na uku ba ta zo ba, kuma ba laifin wanda ya dafa ta ba ne. Bokitin ƙanƙara ne ya kashe ta.

Ni Kirista ne ɗan Jos, karatu ya kawo ni Edinbura a Sikotland, kuma na san da yawa daga masu karanta wannan ba sa sha. Wata ƙungiyar masu dafa giya a gida ce ta shirya 'yar gasa, aka sa ni cikin alƙalan rukunin sitaut, wato baƙar giya irin su Guinness, aka haɗa ni da wata dattijuwa da ta daɗe a harkar. Takardar makin irin ta BJCP ce, wato ƙungiyar da ke tantance alƙalan giya: ƙamshi 12, kamanni 3, ɗanɗano 20, yadda take zama a baki 5, hukuncin gaba ɗaya 10. Ba suna a jikin kwalba, lamba kawai.

Harshena da Guinness ta gida ya saba, wadda ake yi a Ikeja da dawa a cikinta, mai ƙarfin kashi 7.5 cikin ɗari. Ita da ka kurɓa ka san ka kurɓa. Ta nan ba haka take ba. Belhaven Black ta garin Dunbar kashi 4.2 ce, Black Gold ta Cairngorm 4.4, Dragonhead ta tsibirin Orkney 4. Ƙarfinsu kaɗan ne, don haka duk abin da za su nuna maka daga hatsi yake fitowa: gasasshen sha'ir da ake toyawa har ya wuce digiri 200, wanda bai cika wuce kashi ɗaya cikin goma na hatsin ba amma shi ke ba da launi da ƙamshin gahawa, sai kuma hatsin oat da mutanen nan ke kunun safe da shi, wanda wasu ke zubawa don ta yi santsi a baki. Giya irin wannan tana da kunya. Sai an ba ta wuri take magana.

To masu shirya gasar, don gudun kada giya ta yi ɗumi a zauren, sai suka tsoma kwalaben duka cikin ƙanƙara tun safe.

Da aka zuba mana ta huɗu, kofin har yana zufa. Na ɗaga ta wajen taga, baƙa wuluk a tsakiya, gefenta ja kamar garwashi, kumfarta ruwan ƙasa-ƙasa, ta zauna daram ba ta gudu ba. Kamanni dai na ba ta duka ukun. Na kai hanci, shiru. Na juya kofin na sake, ɗan ƙauri kawai. Na kurɓa na haɗiye, don giya ba a tofar da ita a wajen hukunci, abin da ta bari a maƙogwaro ma ana ba shi maki. Sai ɗaci, sai bauri mai kama harshe, sai ruwa-ruwa. Na rubuta cewa gashin ya yi yawa, jikin ya yi kaɗan. Dattijuwar ma kusan abin da ta rubuta ke nan. Mai karɓar takardu yana tsaye a kanmu yana duba agogo, ya karɓe ya wuce.

Kofin ya zauna a gefe muna fama da sauran. Bayan mun gama ta ƙarshe, dattijuwar ta ɗauki ragowar nata ta shinshina, ta yi tsit, sannan ta turo mini nawa ta ce, “Ɗana, sake jin wannan.”

Wallahi kamar an canza giyar. Ƙamshin gahawa ya taso tun kofin bai iso hanci ba, a bayansa cakulan mai ɗaci, can ƙasa ɗan zaƙin tsiro. Baurin nan ya kwanta. Abin da na kira ƙuna ashe garɗi ne, bambancin da ke tsakanin ƙanzon da ya yi daidai da wanda ya ƙone a gindin tukunya. Santsin oat ya cika baki, ta sauka a bushe, ta bar ka kana son ƙari. Ba warin man shanu da ke nuna an raba giya da yis da wuri, ba warin jiƙaƙƙen kwali na wadda iska ta shiga. Tsaf take. Wanda ya yi ta ya san aikinsa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sanyi yana danne ƙamshi, ba ya barin sa ya tashi daga kofi, yana kuma dushe zaƙi a harshe. In ka cire waɗannan biyun daga baƙar giya marar ƙarfi, ɗacin gashi kaɗai ka bari tsirara. Shi ya sa mashayun ƙasar nan ke ajiye giyar ganga a ɗakin ƙasa a kan digiri 11 zuwa 13. Wadda ta ci gasar kuwa mai nauyi ce, mai zaƙi, irin wadda ko daga firiza ka ciro ta za ta yi ihu. Ba ta da laifi, amma ƙanƙara ce ta ba ta kambun.

Mun je mun nemi a dawo mana da takardunmu. Aka ce an riga an haɗa lissafi. Na yi magana har murya ta fara tashi, dattijuwar ta dafa ni. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne takardar tana komawa hannun mai giyar. Wani bawan Allah zai zauna a gidansa ya karanta cewa ya rage gasasshen sha'ir, ya ƙara jiki, wataƙila ma ya bi shawarar ya ɓata abin da ya riga ya daidaita.

Yanzu in aka zuba mini, ba na taɓa biro sai na rungume kofin da tafin hannu biyu na ɗan lokaci. In yana zufa, na ce a jira, ko wa ke tsaye a kaina. Ina rufe bakin kofin da hannu in juya, in buɗe in shinshina gajere-gajere, ba dogon ja ɗaya ba. Ina neman a fara da marasa ƙarfi kafin masu nauyi, da ruwa da busasshen biskit a tsakani, domin ɗacin gasasshen hatsi yana taruwa a harshe, ta biyar takan ɗauki laifin ta huɗu. Kuma ba na miƙa takarda ko ɗaya sai na koma kan kowane kofi a karo na biyu, in mai karɓa ya matsa na ce masa ya je teburin gaba ya dawo.