Ƙorafin da na kai kan likitan da ya sallami ƙanwata

Ƙanwata tana raye, alhamdulillahi, kuma da yardarta nake wannan rubutu.

Daren da ta yi yunƙurin kashe kanta, wani asibiti muka kai ta a nan Abuja. Aka yi mata ƙarin ruwa, ta farfaɗo, gari na wayewa likita ya sallame mu. Bai tambaye ta ko tunanin yana nan a ranta ba, bai tura mu wurin likitan ƙwaƙwalwa ba. Cewa kawai ya yi, "Ki ji tsoron Allah, kada ki sake." Wata nas kuma ta ce mu gode da ba a kira 'yan sanda ba. Ba a jima ba ta sake, a wani asibitin aka ceto ta.

Da na ce zan kai ƙorafi, Baba ya ce, "Ka bar wa Allah, a rufa wa yarinya asiri." Tsoronsa yana da tushe, domin sashe na 231 na dokar hukunta laifuka ta Penal Code, da ake aiki da shi a Arewa da Abuja, ya mai da wannan yunƙuri laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya. Wannan tsoro ne ke rufe bakin iyalai, sakaci kuma ya wuce ba wanda ya tanka. Sai da ita kanta ta ce, "Yaya, ka je," sannan Baba ya sa baki.

Majalisar kula da aikin likitoci, wato MDCN, ba da wasiƙar ɓacin rai take aiki ba. Takardar rantsuwa ake yi a kotu, a bayyana abin da ya faru da ranarsa da sunan likitan. Kwamitin bincike ya aika masa, shi ma ya amsa da rantsuwa. In an ga akwai abin tuhuma, sai a miƙa wa kotun ladabtarwa, wadda ke iya gargaɗi, ko dakatarwa har wata shida, ko soke suna daga rajista. Diyya ba a nan ake samunta ba, sai kotun farar hula. Nas kuwa majalisarsu daban ce.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne shaida. Maganar da ta fi ƙona mana rai ba ta cikin fayil, da baki aka faɗe ta. Katin sallama da rasit ne suka tsaya mana: sun nuna lokacin shiga da na fita, ba alamar an tura ta ko'ina. Lauyan da ya taimaka mini ya sa na cire duk wani zargi kan niyyar likitan, na tsaya kan abin da bai yi ba.

Ba burina a raba shi da aikinsa ba. Na ga layin da ke gabansa a daren. Amma tun 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, kuma ina so a tambaye shi a rubuce me ya hana shi yi wa mara lafiyarsa tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Yanzu amsarsa muke jira.