Karnukan gadi a gida ɗaya, kowa da halinsa

A Katsina ba kasafai ake ajiye babban kare don ado ba. Wanda ka ga ya saya, ko a GRA yake ko yana da gidan kaji a wajen Batagarawa, gadi yake nema. Hadisi ya ambaci karen farauta da na kiwo da na tsaron gona, malamai da yawa kuma sun haɗa da tsaron gida idan akwai buƙata. Shi ya sa karen ba ya shiga ɗaki, yana can bayan gida cikin keji, da dare a sake shi. Abin da wannan tsari ke haifarwa shi ne mai gida yakan san kuɗin da ya sayi karensa da sunan irinsa, amma bai san halinsa ba. Babban darasin da aikin kula da karnuka ya koya mini ke nan: yawancin cizon da ake yi a cikin gida, rashin sanin hali ne ya kawo shi.

'Ya'yan karya ɗaya, haihuwar rana ɗaya, sai ka tarar ba su yi kama a ɗabi'a ba. Akwai mai natsuwa, wanda in baƙo ya shigo zai miƙe ya zuba masa ido, ya yi haushi biyu ko uku, sannan ya dubi mai shi ya ga abin da zai ce. Wannan shi ne karen gadi na gaske, ko da yake masu saye sukan raina shi su ce ba shi da zafi. Akwai mai rawar kai, kowa nasa ne, yana tsalle kan mutane. Ba mugu ba ne, amma kilo 45 in ya faɗo wa yaro ɗan shekara huɗu ko tsohuwa, sai an dangana da asibiti. Akwai mai rowa, lafiya lau yake har sai an kusanci kwanonsa ko ƙashin da yake gwigwiya.

Wanda ya fi kowa haɗari shi ne matsoraci, kuma shi aka fi yabo. Yana yawan haushi, yana faɗa wa ƙofar keji, sai a ce ai wannan zaki ne. A duba jikinsa da kyau. Kunnuwa sun kwanta baya, wutsiya ta shige tsakanin ƙafafu, nauyin jikinsa yana kan ƙafafun baya, yana lasar hanci, yana hamma ba barci yake ji ba, yana kau da kai amma farin idonsa a waje. Irin wannan ba ya tarar ɓarawo gaba da gaba. Ɗan garuwa yake kamawa ta baya lokacin da ya juya zai fita, ko almajirin da ya zo karɓar wanki. Dukansa ƙara masa tsoro yake yi. Mafi muni shi ne a riƙa dukansa saboda gurnani, domin gurnani gargaɗi ne. Ranar da ya koyi cewa gargaɗi duka yake jawo masa, sai ya daina, ya koma cizo babu sanarwa.

An ce hali zanen dutse, amma a kare akwai lokacin da dutsen bai gama ƙarfi ba, daga kamar sati 3 zuwa sati 14 da haihuwa. Abin da kwikwiyo ya gani a wannan tsakanin shi yake ɗauka a matsayin duniya. A bar shi ya ga yaran gida, mata cikin hijabi, maza da babbar riga da rawani, awaki da tumaki, ya ji ƙarar babur da janareto. Camfin nan na kulle kwikwiyo cikin duhu kada ya ga kowa, wai don ya yi zafi, matsoraci yake fitarwa. Haka ɗaure shi da gajeriyar sarƙa dare da rana.

Iri yana da nasa tasiri, sai dai bai kai yadda dillalai ke zuzuta shi ba. Jaman Shefad, wanda ake ce wa karen 'yan sanda, yana da saurin koyo kuma yana son aiki. In aka bar shi zaune sai ya fara zagaye a keji yana tauna duk abin da ya samu. Rotwaila da Boyabul na Afirka ta Kudu sun fi shi nauyi da taurin kai, suna buƙatar mutum ɗaya tsayayye da suke jin maganarsa. Kokeshiyan kuwa karen duwatsu masu sanyi ne, gashinsa kamar bargo, ga shi a Afrilu da Mayu zafin Katsina yakan haura digiri 40. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa. Kejin da aka rufa da kwano kawai babu silin, aka fuskantar da shi yamma, tanda ne. A yi shi ƙarƙashin darbejiya, iska na shiga ta gefe biyu. Kare mai kilo 40 yana shan fiye da lita 2 na ruwa a yini, a bazara ya wuce haka sosai. Idan haki ya yi tsanani, yawu na dalala, yana tangaɗi, a kai shi inuwa a jiƙa cikinsa da hammatarsa da ruwa mai ɗan sanyi, a nemi likitan dabbobi nan take. Karen gida na gargajiya ya fi jure wannan zafi, kuma wajen jin motsi da dare babu abin da na waje ya fi shi.

In karnukan sun wuce ɗaya, rigima tana da lokutanta. Maza biyu sa'annin juna sukan zauna lafiya har su kai shekara ɗaya da rabi ko biyu, daga nan a fara gwada ƙwanji. Namiji da mace sun fi zama lafiya, amma karya tana neman barbara kamar sau biyu a shekara, kusan sati uku kowane karo, kuma a lokacin ko mai natsuwar ma sai ya canza. A raba su. Abinci kuwa kowa da kwanonsa a kejinsa, bayan minti 20 a ɗauke abin da ya rage. In faɗa ya kaure kada a sa hannu kusa da wuya. A watsa ruwa, ko a tura faifan katako tsakaninsu.

Babban kare sau biyu ake ba shi abinci, safe da yamma, kuma kada ya yi gudu sai bayan awa ɗaya da ci, don masu zurfin ƙirji cikinsu yakan kumbura ya murɗe, abin da ke kashewa cikin sa'o'i. Tuwo zalla ba ya wadatar da kwikwiyo, sai an haɗa da nama ko kifi ko dafaffen ƙwai. Sauran miya ba na kare ba ne saboda albasa da tafarnuwa suna lalata masa jini, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya soke hanji. Wani abin da masu gida ke mantawa: kare ya fi jin maganar mai ba shi abinci. In maigadi ne kaɗai ke yi, ranar da ya tafi ganin gida sai a rasa mai buɗe keji.

Amfanin sanin hali ya fi fitowa wajen ciwo. Mai rawar kai da ya kwanta shiru ya ƙi cin abinci, a duba cikin kunnuwansa da tsakanin yatsu, kaska ce galibi, musamman da damina. In dasashinsa ya yi fari, zazzaɓin kaska ake zargi. Kada a ba shi farasitamol ko ibufurofen na mutane. Kwikwiyo mai amai da zawo da jini mai wari cutar fabo ake zargi, allurarta tana farawa daga sati 6 zuwa 8, a maimaita duk sati 3 ko 4 har ya kai sati 16. Allurar haukan kare a wata uku ake yi, a sabunta kowace shekara, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos tana yin ta. Mai natsuwa da ya fara cizon iska, ko mai zafi da ya yi laƙwas yawu na zuba ya kasa haɗiya, haukan kare ake zargi, a kulle shi kada kowa ya taɓa. Mutumin da karen ya ciza a wanke masa wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, ko da ciwon bai fi yakushi ba.